Jan Makyuri a Tsohon Rediyo: Abin da Bidiyoyin Nan Ba Sa Faɗa Maka

Makon jiya ƙanena ya turo min hoton wani akwatin ƙarfe da suka tsinta a ɗakin marigayi kakanmu. Yana da maɓallai a gaba, da allura a bayan gilashi, ciki kuma kwalabe uku masu kama da ƙwan fitila. Bai tambaye ni mene ne wannan ba. Cewa ya yi, "Yaya, akwai jan makyuri a ciki?" Wai har wani ya taya, amma sai an fasa kwalba ɗaya ya gani.

Na san inda ya samo tambayar: bidiyoyin TikTok da Facebook da ke nuna yadda ake "gane" tsohuwar na'ura mai daraja. Na zauna na kalli da dama, kuma matsalarsu ɗaya ce. Ba sa koya wa mutum gane na'ura, fasa ta suke koya masa.

Bari mu fara da inda suka yi gaskiya. Akwai makyuri, wato zaiba, a wasu tsofaffin kayan lantarki, kamar makunnin da ke aiki idan an karkata shi, da wasu manyan kwalaben juya wuta. Amma launin azurfa gare shi, ba ja ba, kuma tururinsa guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Shi kuwa jan ruwan da ake cewa yana gudun tafarnuwa, yana bin zinare, ba ya fitowa a madubi, babu ɗakin bincike da ya taɓa tabbatar da shi. Duk ruwan da ido ya gani, madubi ma zai nuna shi, domin haske ɗaya ne ke isa gare su. In ka ga akasin haka, aikin mai haɗa bidiyo ne. Labarin ma ba sabo ba ne. A 2009 irin wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer.

Babban kuskurensu shi ne wannan baƙi-baƙin mai sheƙi da ke saman kwalbar, wanda suke nunawa a matsayin hujja. Waɗannan kwalabe su ne bawul, su suka riƙe rediyo kafin transista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta ture su. An zuƙe iskar cikinsu, sannan aka fesa ƙarfen bariyam a jikin gilashin don ya shanye 'yar iskar da ta rage. Shi ne sheƙin. Kana fasawa iska ta shiga, ya koma fari kamar alli, bawul ya mutu. Ka ga an yi ba wan ba ƙanen.

To yaya ake ganewa? Na'ura tana faɗin sunanta da kanta, in dai ka karanta.

Na farko, ƙasar da aka ƙera ta. In an rubuta Jamus ta Yamma, tsakanin 1949 da 1990 ne. In Tarayyar Sobiyat ce, ba ta wuce 1991 ba.

Na biyu, ma'auni. Tsofaffi suna rubuta kc/s da Mc/s. A 1960 aka amince da Hz a tsarin awo na duniya, sannu a hankali kHz da MHz suka maye gurbinsu.

Na uku, lambar bawul. A tsarin Turai, E na nufin zaren da ke ɗumama shi yana cin bolt 6.3, sauran haruffan suna faɗin aikinsa. EZ80 na juya wutar gida ne, EL84 kuma shi ke tura sauti zuwa lasifika.

Na huɗu, abin da babu. A akwatin kakanmu babu lasifika, babu EL84, babu wurin eriya, sai kafar fitar da sigina. Rubutunsa kc/s ne, ƙirar Ingila. Wato ba rediyo ba ne, na'urar da ke samar da sigina ce don saita rediyo, kuma da alama ta shekarun 1950 ko 1960 ce. Da na faɗa wa mahaifiyarmu sai ta yi shiru, ta ce ai kafin ya koma kasuwanci, gyaran rediyo yake yi. Mu jikoki babu wanda ya sani.

Wannan ne abin da bidiyoyin nan ke jawo mana asararsa. Ga kuma haɗari da ba sa ambata: wasu kafasitoci na riƙe wuta bayan an kashe na'ura, wasu tsofaffin kayan soja kuma an shafa wa allurarsu fentin radiyam don ta yi haske da dare.

Saboda haka in ka tsinci irin wannan, kada ka jona shi a wuta, kada ka fasa. Ɗauki hoton gaba da baya da duk wani rubutu, ka binciki lambobin, ko ka kai wa dattijon mai gyaran rediyo. Shi kuma mai tayin nan, da ƙanena ya ce ba za a fasa ba, sai ya ce to a ba shi kuɗin "gwaji". Daga nan muka san wa ake shirin fasawa.