Koyon Zane a Kwalejin Zariya

A shekarar 1955 aka mayar da sashen koyon zane daga Ibadan zuwa Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, zanen Turai suke koyarwa, ba a kula da tarihin zanen Afirka ba. A 1958 waɗansu ɗalibai, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, suka ce a riƙe dabarun Turawa, amma a gama su da gadon gida. Okeke ya ɗauko uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango.

Shawarar ta yi kyau, sai dai mafi yawansu mutanen Kudu ne, kowa gidansu ya waiwaya. Alhali kuwa ga masallacin da Babban Gwani ya gina a birnin Zazzau, ga aska takwas a gaban riga, ga zanen ƙwarya da aikin dukawa.

To, ɗalibin da ya fito daga Kurawa ko Isa ko Sabon Birni, kada ya raina ƙwaryar gyatumarsa. In bai bi tarihin wannan zane tun masu yinsa suna raye ba, kwanon roba zai kori ƙwarya, zanen ya bi ta.