Jinjina ga Masu Gyaran Waya da Kwamfuta

Daga Jakara zuwa Kasuwar Kurmi, ciniki ya koma cikin waya, ɓarawo ma ba ya buƙatar fasa rumfa. Shi ya sa nake jinjina wa matasan da ke gyara a Farm Centre da titin Beirut. Su ke ɗora wa kwamfuta Windows su saita ta, su kulle layin waya da lambar sirri, su ƙara wa WhatsApp tsaro. Tun 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta janye tallafin Windows 10, su ake nema. Amma amanarsu ta fi burge ni: hotunan iyalinka na hannunsu, nagarinsu ba sa leƙawa. Allah Ya yi wa sana'arsu albarka.