Sojan Roba Ba Ya Zub da Jini

A Faransa da Beljik da Ingila da Jamus, har zuwa Amurka da Japan, akwai wasu ƙungiyoyi waɗanda in aka ba Bahaushe labarinsu sai ya ɗauka almara ce. Magidanta ne, wasu har da furfura, da likita da direban jirgin ƙasa da tsohon soja da malamin lakwal, suke haɗuwa a zauren unguwa a ƙarshen mako, kowa ya buɗe akwatinsa ya fito da ƴan mutum-mutumin soja da ƙananan tankokin yaƙi da jiragen sama na roba. Wasu tarawa kawai suke yi, su jera a cikin kabad na gilashi. Wasu kuwa ba su yarda da abin da masana'anta ta sayar musu ba: sai sun yanke hannu sun sake masa wuri, sun canja kai, sun ɗinka sabuwar riga, sun shafa fenti da buroshi mai tsinin allura. Faransawa na ce musu maquettistes da figurinistes. Wannan aiki fasaha ce, kuma kowace fasaha da ta taɓa tarihi tana da abin da take faɗi da abin da take haɗiyewa. Su biyun za mu auna a nan.

Daga darma zuwa roba

Sana'ar ta tsufa. A ƙarni na 19 maƙeran Nuremberg na zuba sojojin kuza masu faɗi kamar ganye, Paris kuma ta yi suna da na darma masu cikakken jiki. A 1893 gidan William Britain na London ya gano dabarar zuba sojan darma mai rami a ciki, darmar ta ragu, kuɗin ya sauko, har ɗan talaka ya iya mallakar runduna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta kori darma: Airfix a Ingila, Heller a Faransa tun 1957, Tamiya a Japan. Tamiya ce ta yaɗa ma'aunin ɗaya bisa 35, wanda a cikinsa soja mai tsawon santimita 175 yake komawa santimita 5. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe, soja mai kusan santimita 30, wato ɗaya bisa 6, mai gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa da tufafin da ake tuɓewa. A gaskiya ƴar tsana ce, amma da yake an san ɗa namiji ba zai yarda a ce yana wasa da ƴar tsana ba, sai aka ƙago mata wani suna. Yaran da suka yi wasa da ita sun girma, sun samu albashi, su ne suka cika ƙungiyoyin yau. Babbar ƙungiyar masu haɗa irin waɗannan kaya, IPMS, a Ingila aka kafa ta a 1963, ta kuma yi rassa a ƙasashe da dama.

Yabo wajibi ne kafin suka. Wanda ya ga aikin gwanayensu ya san ba lalaci ba ne. Mutum zai shafe watanni a kan tanka guda, yana binciken tsofaffin hotuna don ya san launin da aka shafa mata a wata kaza na shekara kaza. Zai sa mata tsatsa a inda ruwa ke kwanciya, ƙura a inda ƙafa ke takawa, baƙin hayaƙi a bakin bututu. Sheperd Paine na Amurka da François Verlinden na Beljik sun koya wa duniya yadda ake gina ɗan dandali, wanda ake kira diyorama, a kan allon da bai wuce faifai ba: bango da ya rushe, soja na shan taba, wani na karanta wasiƙa, labari cikakke ba tare da kalma ko ɗaya ba. A ƙungiya babba na koya wa ƙarami, alƙalan gasa kuma na duba aiki da fitila da madubin ƙara girma. Haƙuri da bincike da ƙin yarda da "haka nan ma ya yi", duk malamin da ya samu rabin wannan a ajinsa ya gode Allah.

Maɓalli daidai, tarihi a karkace

Sai dai daidaiton maɓalli ba shi ne gaskiyar tarihi ba. Duk wanda ya buɗe kundin hajar waɗannan kamfanoni zai ga sojan Jamus na zamanin Hitler ya mamaye shafuffuka. Tankar Tiger ta farko, wadda Jamus ba ta ƙera ko 1.400 ba, kusan babu kamfanin da bai fitar da ita ba, iri-iri, alhali Amurka ta ƙera Sherman kusan 50.000. Rundunar Jamus ta dogara da dawaki fiye da miliyan 2 wajen jan kaya da igwa, amma a kan teburin baje koli sai ka ɗauka kowane sojanta a cikin ƙarfe yake tafiya. Dalilin ciniki ne: kayan Jamus na da launuka da alamomi masu ɗaukar ido, su ake saye, su ake ƙerawa. Sakamakon kuwa ba na ciniki ba ne kaɗai. Hoton da ya zauna a zuciyar mai kallo shi ne wanda farfagandar wancan zamani ta so a gani: runduna mai tsabta, mai ƙarfi, ta zamani. Dokar Jamus ta hana nuna tambarin Nazi, don haka kamfanoni da yawa ba sa sa shi a cikin kwali. Amma cire tambari daga wutsiyar jirgi bai cire sha'awar da ke kewaye da jirgin ba.

Na biyu, yaƙi ne da babu mutuwa a cikinsa. Tanka na da tsatsa, takalmi na da taɓo, amma da wuya ka ga gawa, da wuya ka ga mace ɗauke da tabarma da yaro tana gudu, da wuya ka ga rijiyar da aka cika da mutane. Masu aikin za su ce ladabi ne ga matattu, kuma baje kolinsu yara na shiga. Hujja ce mai nauyi. Amma wanda ya ƙirga ƙusoshin tanka ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya kau da kai daga abin da aka ƙera tankar domin shi, bai kamata ya kira aikinsa cikakken tarihi ba. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa littafi a kan wasan yaƙi da sojojin darma, Little Wars, yana fatan wanda ya buga ƙaramin yaƙi a tsakar ɗaki zai gane wautar babba. Shekara guda bayan haka Turai ta kama da wuta. Roland Barthes, a cikin Mythologies na 1957, ya fi kusa da gaskiya: ya lura kayan wasan Faransa na miƙa wa yaro duniyar manya a ƙanƙance, har da soja, domin ya tashi yana ganin haka Allah ya halicce ta, ya zama mai amfani da abin da aka ƙera masa, ba mai ƙirƙira ba.

Sojan da ya ɓace daga kwali

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Tun 1857, a zamanin Faidherbe, Faransa ta kafa rundunar da ta kira tirailleurs sénégalais, ko da yake ba ƴan Senegal kaɗai ba ne: daga duk Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka ɗebo su, har da ƙasarmu. Wajen 200.000 aka ɗiba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wajen 30.000 ba su dawo ba. Daga Cadi ne ayarin Leclerc ya tashi ya ci Kufra a 1941. Suna cikin waɗanda suka sauka a gaɓar Provence a watan Agusta na 1944. Da kaka ta yi a wannan shekara, aka janye dubbansu daga fagen daga, aka karɓe kayansu da makamansu aka ba samarin Faransa, abin da aka sani da "farantar da runduna". Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan waɗanda suka dawo daga bursuna suna neman haƙƙinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi.

Ka nemi wannan soja a kantin kayan haɗi. Za ka same shi nan da can, galibi a hannun ƙananan masu zubi, amma bai kai ko kusa da gurbin da ya cika a fagen fama ba. An janye shi daga daga a 1944, an sake janye shi daga kwali. Ga misali mai zafi. A watan Yuni na 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus suka ware baƙaƙen fursunoni daga farare, suka kora su cikin gona, suka harbe su da bindigogin tanka. Irin waɗannan tankoki suna nan a kan teburan ƙungiyoyi, da lambobinsu da launinsu daidai wa daida, amma gonar babu ita. Abin lura shi ne, hotunan da suka bayyana yadda abin ya faru, wani mai tara tsofaffin hotunan yaƙi ne ya gano su a 2019. Ashe mai tarawa na iya yi wa gaskiya hidima, in ya yarda ya dubi abin da ya tara.

Shi ya sa a ganina mai gyarawa ya fi mai tarawa daraja. Mai tarawa bawan kundin haja ne. Mai gyarawa na iya ce wa masana'anta ta yi mantuwa. Tirayer na 1944 kayan Amurka yake sanye da su, don haka gwani na iya ɗaukar sojan Amurka na roba, ya sassaƙa masa sabon kai, ya sa masa alamar anka ta rundunar mulkin mallaka, ya mai da shi gurbinsa a Tulon. Sai dai a nan ma akwai tarko. Baƙin G.I. Joe na farko, na 1965, fuskar Bature ce aka rina. Ɗaya tarkon shi ne na tallar Banania ta 1915: jar dara da wangalallen baki, murmushin da Senghor ya yi tir da shi a cikin Hosties noires. Fatar baƙin mutum ba launi guda ba ce, fuskar Bazabarme ba ta Bamossi ba ce, tsagen Bagobiri ba na Babarbare ba ne. Wanda ya san maɓallan rigar Jamus guda nawa ne, amma ya ga duk baƙar fuska ɗaya ce, bai gama karatunsa ba.

Namu nauyin

Kada mai karatu ya zaci da an zuba mana tirayer dubu a kwali magana ta ƙare. A wajen Bafaranshe mai kyakkyawar niyya, tirayer gwarzo ne da aka zalunta. A wajenmu lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Jar darar nan ita ce ta biyo Voulet da Chanoine a 1899, ta auka wa Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kaca-kaca a watan Mayu. Hannun nan ne kuma, a watan Yuli, ya juya ya kashe hafsoshin biyu a wajen Maijirgi, kafin sauran ayarin ya ci Damagaram bayan karon Tirmini. Kakan wani ne ya ƙone garin kakan wani, kuma wataƙila jikokin na zaune a benci guda a cikin ajinmu. Mutum-mutumi guda a cikin gilashi ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Sai dandali mai mutane da yawa, da mai harbi da wanda ake harbi da ɗan dakon da aka ɗaure da igiya a wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wannan dandali ba a Shizuoka ko Paris za a gina shi ba.

Kuma ba daga sifiri za mu fara ba. Yaron da ya lanƙwasa waya ya yi mota mai sitiyari, ko ya fere ɓargon kara ya yi jirgi, ko ya murza laka ya yi doki da sirdi, shi ne mai ƙirƙirar da Barthes ya nema bai samu ba a kantunan Paris. Wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon masu mulki da sojojinsu da kayan da aka yi da kara, ya daɗe da nuna cewa ana iya ƙanƙantar da iko domin a dube shi ido da ido, har a yi masa dariya. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya tanadi tufafin gargajiya da siffofin gidajenmu, ga kuma masu sana'ar hannu a harabarsa. Abin da ya rage shi ne mu ari abu ɗaya daga ƙungiyoyin Turai: tsananin bincike da ma'auni.

Ajin kwaleji guda na iya gina ganuwar Birnin Ƙonni a kan allon mita ɗaya. Malamin lissafi ya riƙe ma'auni, malamin tarihi ya kawo takardu, malamin Hausa ya tura ɗalibai wurin tsofaffi su rubuto abin da aka gada a baka, maƙeri da baduku su nuna yadda ake sulke da lifidi da linzami. Laka da kara da tsumma da gwangwani sun isa. Sharaɗi ɗaya ne: duk dandalin da aka sa soja a ciki, a sa wanda sojan ya tarar a garin. A lokacin da bindigogin roba ke cika kasuwanninmu a kowace Salla, kuma ƙarar ta gaske ba baƙuwa ba ce a wasu yankunanmu, ba mu da ikon koya wa yaro kyan makami mu ɓoye masa aikinsa.

Gwanayen Turai sun nuna cewa hannu na iya mai da runduna ta zauna a tafin hannu, kuma sun cancanci jinjina a kan haka. Abin da suka bari a baya shi ne gonar Chasselay da rijiyoyin Ƙonni. Waɗannan kuwa amana ce a wuyan ƙungiyoyinmu da makarantunmu.