Neman kakan da ya ɓace cikin takardun Nasara: wata matsala ta suna

Ɗaliban da ke bin sawun kakan da ya ɓace cikin rajistar gidan kaso da takardun ƙidaya na zamanin Faransawa sukan ɗauki sunan da aka rubuta a matsayin hujja. Wannan hanya tana da rauni ta fuskar ilimin harshe.

Sunan ya bi ta bakin tafinta kafin ya kai alƙalamin magatakarda. Rubutun Faransanci ba ya rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d, ba ya nuna karin sauti. Muhammadu guda yakan fito Mahamadou, Mahamane ko Mamane. A gida kuwa, saboda alkunya, wataƙila Tanko ake kiransa.

Ƙidayar ma don lanho ake yinta, shi ya sa magidanta kan ɓoye mutanensu. Ƙidayar gama-gari ta farko a Nijar sai a 1977. Rashin suna cikin rajista ba shaidar mutuwa ba ne.

Ya kamata mai bincike ya tattara laƙabi, sunan uba da na gari daga bakin tsofaffi kafin ya je gidan ajiyar takardu na Yamai. In ba haka ba, sai a ba wani gida kakan da ba nasu ba.