Jinjina Ga Magina Tukwanen Zamani

Duk shekara, idan aka buɗe baje kolin Ceramic Art London a birnin Landan, inda magina ke jera abin da hannuwansu suka gina, mai basira yakan tsaya gaban kasko guda, ya ga sawun babban yatsa a gindinsa, da yadda sheƙi ya kwaranyo ya daskare cikin tanderu, har ya shaida hikima da haƙurin mai shi. Alhamdu lillahi, muna da rabo a wannan silsila, domin Magdalene Odundo, wadda masu tara kayan fasaha ke rububin tulunanta, ta zo tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1974, ta ɗauki ilmi daga hannun marigayiya Ladi Kwali.