Labarin da Yatsu Ke Bayarwa

Duk sanda aka tayar da zancen gem a gaban masu nazarin adabi na wajenmu, hukuncin ɗaya ne: ɓata lokaci, sana'ar yaran da suka tsere daga makaranta. Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Abin da suka sani shi ne shagon bakin titi, samari sun yi cincirindo a gaban talabijin suna buga ƙwallon PES ko FIFA, janareto na ruri a waje. Wanda ya fi su iya tsara suka shi ne Roger Ebert, mashahurin mai sharhin fina-finai na Amurka, wanda a 2010 ya rubuta cewa gem ba zai taɓa shiga sahun ayyukan fasaha irin su fim da adabi ba. Hujjarsa tana da nauyi. Ya ce adabi na buƙatar mawallafi ya riƙe linzamin labari, shi kuwa gem miƙa linzamin yake yi ga mai wasa, ƙarshen abin kuma a ci ko a faɗi. Ebert ya rasu a watan Afrilun 2013, wata huɗu kafin fitowar wasan da ya fi kowanne rusa masa hujja.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zama. A 1972 kamfanin Atari ya fito da Pong, sanduna biyu da ɗigon haske suna kai da komo. A 1985 Nintendo na Japan ya kawo Super Mario Bros., wanda labarinsa bai wuce an sace gimbiya, je ka ƙwato ta. Da PlayStation ta zo a 1994 da faifan da ke ɗaukar murya da hoto mai motsi, sai manyan kamfanoni suka kamu da son kwaikwayon Hollywood, har yau kuma ba su warke ba. Wannan ciwon ne ya sa masu kare gem suka fi masu sukarsa ba ni haushi. Da an taɓa su sai su ɗauko The Last of Us na 2013, su ce dubi labari, dubi 'yan wasa. Labarin yana da kyau, ban musa ba. Amma tashar HBO ta mayar da shi fim mai dogon zango a 2023, kuma kusan babu abin da ya zube a hanya. Abin da za a iya kwashewa cak a kai wa mai kallo yana kishingiɗe, ai dama fim ne aka yayyanka aka cusa harbe-harbe a tsakani. Masu cewa gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya karɓi wasanni 14 a 2012, har da Tetris da Pac-Man, su ma sun kauce. Shiga gidan tarihi shaida ce ta daraja, ba ta bayyana yadda abu ke aiki.

A 'yan kwanakin nan na kammala wasanni uku, dukansu tsofaffi, kuma na farkonsu ne ya sa ni wannan rubutu. Sunansa Brothers: A Tale of Two Sons, kamfanin Starbreeze na Suwidin ne ya haɗa shi, ya fito a Agustan 2013. Wanda ya jagoranci aikin, Josef Fares, daraktan fim ne haifaffen Lebanon, abin mamaki kuma shi ne ya fi kowa ƙin yin fim a cikin gem. Ƙashin bayan labarin kowane Bahaushe ya san shi: uba na kwance rai a hannun Allah, magani sai ruwan wata bishiya mai nisa, 'ya'yansa biyu suka ɗaura aniya. Tafiya neman ruwan magani ai ita ce Abubakar Imam ya gina Ruwan Bagaja a kanta tun 1934. Ga shi mutanen wasan ba sa magana da wani harshe da ake ji, yare ne ƙirƙirarre da aka tsakuro daga Larabcin Lebanon, babu fassara a ƙasan allo. Wanda ya zo neman sabon labari ko zance mai daɗi zai koma hannu rabbana.

Hikimar tana cikin fad ɗin da kake riƙe da shi, wato na'urar sarrafa wasan. Mutum ɗaya ne ke tuƙa yaran biyu a lokaci guda. Sandar hagu da maɓallin hagu na yayan ne, Naia. Sandar dama da maɓallin dama na ƙanen ne, Naiee. Shi ke nan, babu wani maɓallin tuƙa su kuma. Da farko abin dariya ne, ka tura babba gabas ƙarami ya nufi bango, sai ka ga ɗaya ya tsaya ƙiƙam don hankalinka ya tafi kan ɗayan. Sannu a hankali hannuwan su saba da juna, har ka daina tunanin wa ke ina. Kuma kowane hannu yana koyon halin ɗansa. Hagu ya san shi ne mai jan ƙarfe mai nauyi, mai ɗaga ƙane ya kamo tsani, mai tsayawa ya tambayi mutanen ƙauye hanya cikin ladabi. Dama ya san shi ne mai kurɗawa ta tsakanin ƙarafa, mai tsokanar mutane. Akwai abu ɗaya da dama ba ya iyawa: ruwa. Mahaifiyarsu a ruwa ta nutse a gaban idon ƙaramin, saboda haka duk inda aka zo ƙetare kogi sai ya maƙale a bayan yayansa, hannun hagu ya yi iyon su biyu. Wasan bai taɓa tsayawa ya yi maka bayanin wannan ba. Maimaitawa kawai yake yi har ya zauna a tsokar yatsunka.

Dab da bishiyar, yarinyar da suka ceto daga hannun masu tsafi ta rikiɗe ta zama ƙatuwar gizo-gizo, ta soke babban. Ƙaramin ya hau ya ɗebo ruwan, ya sauko ya tarar rai ya yi halinsa. A nan kowane kamfani zai saka hoton bidiyo da goge mai sa kuka, ya ce ka ajiye fad ka kalla. Fares ya ƙi. Kai za ka ja gawar zuwa kabari, kai za ka tura ƙasa tuli bayan tuli, yaron na tafiya a hankali yadda ba za ka iya gaggauta shi ba. Duk wannan da hannun dama kaɗai. Babban yatsanka na hagu, wanda ya shafe sa'o'i yana aiki, yana nan kwance a kan sandarsa, ka motsa ta babu abin da ke motsawa a allo. Na karanta ta'aziyya da marsiyya masu yawa, ban taɓa gamuwa da wadda ta sa rabin jikina ya zama mara amfani ba.

Sai ƙarshen. Yaron ya iso kusa da gida cikin dare da ruwan sama, tsakaninsa da mahaifinsa akwai ruwan da dole a yi iyo. Ka danna maɓallinsa, ya shiga ya ja da baya. Ka sake, haka. Babu rubutu a allo da zai nuna maka mafita. Za ka ɗan daɗe a nan, har sai abin ya faɗo maka, ka kai yatsa kan maɓallin hagu, na mamacin. Yaron ya faɗa ruwa ya ƙetare. Daga nan ƙarfen da da sai yaya ke ja, da tsanin da da sai an ɗaga shi, duk da maɓallin nan yake cin su. A rubuce, ma'anar ba ta da wani armashi, kowa ya san na gaba yakan bar wa na baya ƙarfinsa. Abin da ya bambanta shi ne kai ne ka gano, kuma yatsanka ya riga tunaninka isa wurin. To ina linzamin da Ebert ya ce ya suɓuce daga hannun mawallafi? Fares ya san daidai inda za ka maƙale, ya san abin da za ka gwada, ya san daƙiƙar da za ka tuna da hannun hagu. Tun daga kogin farko yake shirya maka wannan tarko.

Sauran biyun sun ƙara mini tabbaci, ko da yake ba su kai shi tsabta ba. A Papers, Please, wanda Lucas Pope ya yi shi kaɗai a 2013, kai jami'in kan iyaka ne a ƙirƙirarriyar ƙasar Arstotzka a 1982. Ana biyan ka bisa yawan mutanen da ka tantance daidai, kuskure biyu a rana gargaɗi ne, na uku tara, a gida kuma ga haya, ga abinci, ga yaro ba lafiya. Wani mutum ya wuce da cikakkun takardu, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke biye, ita kuwa ba ta da izinin shiga. Hatimi biyu ne a gabanka. Ba da jimawa ba za ka tsinci kanka kana duba lambar fasfo ba ka kallon fuska, kuma babu wanda ya umarce ka. Shadow of the Colossus na Fumito Ueda, 2005, ya fi su kyan gani amma ya fi su ja da tsawo. Ƙattai 16 da kake kashewa a cikinsa sun yi yawa, goma ma sun isa. Abin da ya cece shi shi ne maɓallin riƙo, wanda kake dannewa har yatsa ya ƙage kana maƙale a gashin dabbar da ba ta tsokane ka ba, kuma a ƙarshe wasan ya bar ka ka yi ta riƙo a inda riƙo ba zai hana komai ba.

Ra'ayina, wanda na san abokaina na sashen fim ba sa so, shi ne gem ba ɗan'uwan fim ba ne ko kaɗan. Danginsa na kusa waƙar dandali ce, inda zabiya ke bayarwa 'yan mata na amshi. Zabiya ce ta tsara waƙar, ita ta san inda za ta tsaya, amma in ba a amsa ba waƙar ba ta wanzu ba, kuma wanda ya tsaya gefe yana saurare bai san abin da mai amshi ke ji a ƙirjinta ba. Shi ya sa kallon wani yana buga Brothers a YouTube bai wadatar da mai nazari ba, shi ya sa kuma mafi yawan masu sukar gem, har da Ebert da ya amsa cewa bai buga su ba, suna yanke hukunci ne a kan rabin abu. Ta wannan ma'auni nake auna sabon bugun wasan na 2024, wanda ya ƙawata hoto ya kuma ba da damar mutum biyu su raba yaran, kowa da nasa fad. Masu sharhi da yawa sun lissafa wannan a matsayin ƙari. In aka raba yaran, wanda ke riƙe da ƙaramin bai taɓa yin iyo da hannun hagu ba, don haka a bakin ruwan ƙarshe babu abin da yatsansa zai tuna. Duk mai niyyar bugawa ya zaɓi tsarin mutum ɗaya, ya kuma samo fad na gaske, don a madannan kwamfuta ko fuskar waya rabon hagu da dama ba ya fitowa yadda aka nufa.