Awon Yaro da Mudun Aro

Tafiyar 'yan mintuna ce tsakanin Fagge da Sabon Garin Kano, amma mai lura zai ga reno iri-iri a wannan ɗan taƙi. A Fagge, tsohon masaukin fatake, akwai gidajen da uwa ke kunyar ɗan farinta, ba ta kama sunansa, har kaka ko goggo ta ɗauke shi riƙo. A Sabon Gari kuwa, unguwar da ta bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa, yaron Ibo na shafe shekaru a shagon ubangidansa kafin a sallame shi da jari. Duk da haka, malaman da ke karantar da yaran unguwannin biyu da ma'auni guda aka horar da su a kwalejojin ilimi.

Daga ina ma'aunin ya fito? Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya gina wani sashe na ra'insa ne bisa lura da 'ya'yansa uku a Siwizalan. John Bowlby na Ingila ya ɗora lafiyar zuciyar jariri a kan shaƙuwarsa da mai renonsa guda, galibi uwa. Idan aka karanta shi a gaggauce, sai a ɗauki mai kunyar ɗan fari a matsayin maras tausayi, alhali wata ƙauna ce mai lulluɓi. Haka malami kan ɗauki sunkuyar da kan yaro a matsayin rashin ƙwazo, ya rage masa maki saboda ladabin da aka koya masa a gida.

Sai dai watsi da ra'o'in gaba ɗaya ma kuskure ne. Binciken da Robert Marvin da abokansa suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya nuna jariri kan shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma yakan fifita wanda ya fi ɗaukarsa. Ke nan buƙatar shaƙuwa gama-gari ce, hannun da ke biyan ta ne ke sauyawa. Enid Schildkrout, wadda ta nazarci yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda talla da aike ke riƙe da sana'ar matan kulle. Yarinyar da ke ba da canji ba kuskure ta iya lissafi, ko da jarrabawar aji ta ce akasin haka.

A nan ne hujjar al'ada ke da iyaka. Tallan da ya koya mata lissafi shi ne kuma ke hana ta zama a aji, yunwa kuwa ba ta san yare ba: tana tsumburar da ɗan Fagge kamar yadda take yi wa ɗan Sabon Gari. Saboda haka aikin manazarcinmu shi ne ya rarrabe buƙatar da ke kan kowane yaro da hanyar da kowace al'umma ta zaɓa don biyan ta. Mudun aro na iya awo, amma sai mai hatsi ya fara gwada shi da na gida.